Ranar da Motocinki Suka Iso Asibitina

Ya sanyin idona, inuwata in rana ta take, ruwan farko bayan dogon fari, gwanata mai alƙalamin allo a aljihu!

Yau na yi ajiyar zuciya. Wallahi sai yau abinci ya yi min ɗanɗano!

Wata biyar muna kan aiki ɗaya. Ni na zana ɗakin gaggawa na asibiti a kwamfuta, gado-gado, layi-layi. Ke kuma kika zana motocin ɗaukar marasa lafiya. Na'ura kuma ta karanta zanenmu ta rubuta manhajar da kanta. Kowanne shi kaɗai sumul yake tafiya. Da an haɗa su sai shirme: majinyaci ya hau gado tun motarsa ba ta iso ba! Shugaban ofishinmu ya faɗa ƙarara, in gwajin yau ya rushe za a raba mu, a mayar da ke reshe mai nisan kwana biyu. Ina zan sa idona in kujerarki ta bakin taga ta zama wayam?

Tsoro ne ya kwance min baki ranar da ya faɗi haka, na ce a gaban kowa laifin zanenki ne. Ba ki ɗaga murya ba. Kika rufe alƙalami kika ce, "To, Malam, a duba." Malam! Ni da kike kira ɗan rigimarki? Kwana tara kalmar nan tana cina kamar gara a itace.

Na duba. Ashe agogon zanena minti yake ƙirgawa, naki daƙiƙa, kuma ni ne ban rubuta hakan a ƙa'idar da ta haɗa su ba. Layi ɗaya tak! Da na zo teburinki, kika turo min kujera da ƙafa: "Zauna mu gyara, ka tsaya min a ka kamar mai jiran hoto."

Yau da hantsi mota arba'in suka shigo allo, kowane majinyaci ya sauka a kan lokaci. Babbar nas da ta zo kallo ta buga tebur: "Kun gani? Tun bara nake roƙon ƙarin gado biyu, ga shi na'ura ta faɗa!" Shugaba ya ce ba inda kowa zai je. Kowa na tafawa, ni ke nake kallo, furena mai buɗewa da safe.

Ki yafe min har zuci, ƙaunata. Ba zan ƙara kunyata ki a gaban mutane ba. Na gaya wa Umma komai, ta ja min kunne sosai, sannan ta tambaya yaushe zan kawo ki. Wace rana zan ce mata?

Naki ne ni, ba na kowa ba, har tsufa ya tanƙwara mu tare.