Kujerar Kawu a Gwanjo

Zuwa ga ɗana Akanta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ranar da na sa aka naɗa ka ka rufe kamfanina na sabulu, na ɗauka na gida na samu. Jiya na je ɗauko kujerata, mai juyawar nan, sai maigadin da ni na ɗauke shi aiki ya ce ka hana a fitar da ko tsinke. Kujerar da ta san bayana fiye da likita. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ka aiko mini da ita kafin in kai ƙararka wurin mahaifiyarka.

Naka, Kawu.

Ranka ya daɗe Kawu,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Wallahi ba raini ba ne. Da kuɗin kamfani aka sayi kujerar, saboda haka kayan kamfani ce. Hukumar haraji tana bin kamfanin, kuma abin da aka samu daga injina da tukwane bai cike ba. Doka ta ce in na saki wani abu kafin a biya su, ni za su kama, su karɓe lasisina, su shiga aljihuna. Da lasisin nan nake ci da yara. Za a yi gwanjon sauran kayan ofis, har da kujerar. Ka gafarce ni.

Ɗanka mai biyayya.

Ɗana,

Na gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba. A yi gwanjon. Ni dai ba zan tsaya cikin mutane ina taya kujerata ba, da furfurata. Amma ka sani tun ba a haife ka ba nake kasuwanci. Akwai shirin da na yi, a banza za ta dawo gida.

Kawunka.

Ranka ya daɗe Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa. An yi gwanjo, kuma na ga shirin. Ashe ka kira mijin 'yarka Babba a asirce ka ce ya saya maka ita, ko nawa ce za ka biya. Sannan, don kada ya makara, ka faɗa wa mijin 'yarka Auta haka nan, shi ma ka ce kada kowa ya ji.

Duka biyun sun zo da wuri. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya zo raba tsoho da kujerarsa ne. Mijin Babba ya taya, mijin Auta ya harare shi ya ƙara. Sauran masu saye suka ja gefe suna kallo, mai gwanjo har muryarsa ta dishe. Na matsa na raɗa wa mijin Auta ya yi haƙuri, ya ce, "Ina raye wannan maci amanar ba zai hau kujerar Baba ba."

Shi ya yi nasara, a kan kuɗin da ya fi na motar kamfani. Ya ce kai za ka biya. Kuɗin ya cike harajin daidai, har da ɗan canji. In ka ƙi, cinikin ya tashi, ni kuma hukuma ta dawo kaina. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka.

Ɗana,

Na gaishe ka. Na sayar da filina na biya, je ka karɓo takardarka ta shaidar biyan haraji wurin hukuma. Ba don kujerar na yi ba, don kada a taɓa maka abincin yara ne. Surukan nan kuwa har yanzu ba sa magana, kuma kada ka kuskura ka faɗa musu ni na tura su duka biyun.

Kawu.