Manaja Ya Ƙi Fita Ta Soro

Assalamu alaikum Anti Mardiya. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin azumi ya kama, ni dai kaina ya ƙulle. Matsalata sa ce. Sa na gaske, mai ƙaho da tozo, yanzu haka yana tsakar gidana yana leƙena ta taga ina rubutu.

Bari in faro daga farko. Shekararmu goma sha uku da aure da maigidana Muttaka, Allah bai ba mu haihuwa ba. Asibiti mun je, na gargajiya mun sha, har da wani jiƙo da ya sa na yi kwana uku ina ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Daga ƙarshe muka amince mu ɗauki riƙon yaro daga gidan marayu, muka cike takardu. Aka ce in lokaci ya yi za a zo a ga ɗakin da yaro zai zauna, ga gwajin asibiti, ga zirga-zirgar kotu. Ɗakin kuwa in ana ruwa har da lema muke shiga. Ni malamar firamare ce, shi ma'aikacin ofis, albashinmu ba ya ganin ashirin ga wata.

Sai Muttaka ya ce mu yi kiwo, ai shi Bafillatani ne, abin a jininsa yake. Anti, mutumin nan a Ƙofar Mazugal aka haifi kakansa, Fillancinsa bai wuce gaisuwa ba. Amma na yarda, na sayar da ɗankunnen gwal ɗina, aka sayo ɗan maraƙi, aka shigo da shi ta soro kamar akuya. Shekara biyu ke nan. Bai taɓa fita ba, wai kada a yi masa baki. Dusa, harawa, kanwa, har kankana na taɓa kama Muttaka yana yanka masa. Ya sa masa suna Manaja, don ci kawai yake yana kallon mutane suna aiki. Matan lungu suka fara kirana Maman Manaja. Ina dariya, amma ki sani shi ne karo na farko da aka kira ni maman wani.

To watan jiya aka kira mu, an samu jariri namiji ɗan wata huɗu. Na ɗauke shi, ya kama mayafina ya ƙi saki. An ba mu wata uku mu kammala komai. Ga wani hanzarin kuma: ƙanwata Luba, uwa ɗaya uba ɗaya, tana goyo, ta yarda za ta shayar da shi don ya zama muharramina, kada ya girma in koma sa masa hijabi a ɗakina. Amma bayan Sallah za ta yaye 'yarta, ta ce ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba, yarinyar ta yi haƙora.

Muka kira dillali, ya yi tayi mai kyau. Aka jawo Manaja zuwa soro, ƙahonsa ya tokare dama da hagu. Aka karkata kansa, ƙaho ya wuce, ciki ya ƙi. Aka shafa masa man gyaɗa galan guda, ya tsaya yana lashewa. Da ƙyar aka mayar da shi da baya. Maƙwabciyata Hajiya Uwani ta ce a sa shi azumi tare da mu ya rame. Magini ya ce a fasa ƙofar soron. Gidan kuwa na gado ne, Bappa Shehu, ƙanin mahaifin Muttaka, ya ce kakansa ya gina soron nan, sai dai a fara fasa shi Bappan kafin a taɓa bangon.

Abin da ya fi ci mini rai, ranar da Manaja ya maƙale na ga fuskar mijina ta washe. Da yamma ma sabon buhun dusa ya shigo da shi. In na yi maganar jariri sai ya ce komai lokaci ne. Anti, in haɗa Bappa da mai unguwa ne, ko in yi yaji? Ko dai mijina ya riga ya samu nasa ɗan ne, ni kaɗai nake nema?

Taki,
Maman Manaja, Ƙofar Mazugal

AMSA

Wa'alaikumus salam Maman Manaja. Na daɗe ina wannan fili, an kawo mini ƙarar suruka, an kawo ta wayar miji, amma yau ne aka fara kawo mini wanda ake tuhuma mai ƙaho yana tuƙa.

Ki bar Bappa Shehu da soronsa. Yana da gaskiya, gidan ba naku ba ne ku kaɗai, kuma wannan dattijon za ki nema ya sa wa yaron albarka gobe. Kada yaro ya shigo dangi da sunan wanda aka rushe soron kaka dominsa. Yaji ma ki manta da shi: masu zuwa duba gida mace da miji suke son gani, ba miji da sa ba. Azumin Hajiya Uwani kuwa jarinki zai cinye.

Dukkanku kun tsaya a kan cewa sai Manaja ya fita da ƙafarsa. Wa ya ce? Sallah na tafe, kowane lungu ana neman naman watanda. Ki sa Hajiya Uwani ta haɗo magidanta, tunda tana da bakin shawara, kowa ya biya kasonsa tun cikin azumi. Kuɗin na shigowa, magini na hawa rufin ɗaki. Jajiberin Sallah mahauci ya shigo da wuƙarsa, a yi aikin a tsakar gida, Manaja ya fita a roba, kashi-kashi. Wataƙila abin da za ki samu bai kai tayin dillali ba, amma ba kuɗin mota, ba la'ada, ba ginin soro.

Saura Muttaka, shi ne ainihin wanda ya maƙale. Kada ki yi masa dariya da yawa. Ke kina da Luba da ƙawaye, kin yi kukanki shekara goma sha uku. Shi wa ya taɓa tambayarsa? Namijin da ke yanka wa sa kankana ba ƙin ɗa yake ba, reno yake, ya rasa inda zai sauke shi ne. Ina kuma zargin yana tsoron a ba shi yaro a dawo a karɓe. A wasiƙarki kin ce ke kika ɗauki jaririn, ban ga inda shi ya ɗauka ba. Ki koma da Muttaka gidan marayun a makon nan, ki ɗora masa yaron a hannu, ki ce za ki amsa waya, ki daɗe. Maganar watanda sai a hanyar dawowa. Ranar yanka kuma ki aike shi Goron Dutse ziyara, kuma kada ki zuba masa naman.

Abu biyu na ƙarshe. Ku bi hukuma da kotu kawai, duk wanda ya yanka muku farashin yaro ku gudu. Sannan ku je wurin malamin da kuka yarda da shi ya yi muku bayanin sharuɗɗan shayarwa da na sunan yaro tun kafin Luba ta rufe shago. Ki roƙe ta ta ƙara haƙuri da haƙoran nan, ki ware mata hanta.

Soron Bappa ya yi wa Manaja kaɗan, amma ya ishi mace da goyo su shige. Allah ya sauƙaƙa, ya raya muku shi bisa alheri. Ina jiran wasiƙarki ta gaba, da wani sunan a ƙasa.

Anti Mardiya