Shekara biyu ina rage wa mijina mintoci a agogo

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ƙarar buta ce ta fara jawo mani wannan abin. Maigidana mushe ne, wato malamin makaranta, yana koyar da wasanni a koleji nan Agiye, kuma tun kafin ya aure ni ɗan gudun dogon zango ne, ya wakilci jiharmu ba sau ɗaya ba. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba sai ya ɗaura takalmi ya kama hanyar Gazawa, kilomita shida zuwa, shida dawowa. Ba ya ɗaura agogo, wai yana raba mashi hankali, ni yake bar wa. In ya fita in danna, in ya taɓa ƙyaure in danna, ya ce "Uwargida, nawa?" in faɗa mashi. Shekara ashirin da uku muna haka, ko ina da ciki ko ina goyo.

Wata safiya shekara biyu da suka wuce ya shigo, ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya zuba ruwa a kai, sai na ji ta faɗi ƙwal a kan siminti. Na leƙo daga madafa, na ga fuskarshi ta yi fari. Ya ɗago yana haki ya tambaye ni nawa. Agogo ya nuna awa ɗaya da minti ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya ce hamsin da biyar. Ya yi murmushi ya ce ashe tsohon doki na nan, ya sha kununshi har ya nemi ƙari.

Daga ranar ban sake faɗa mashi gaskiya ba. Yanzu shekararshi hamsin da uku. Ni da nake riƙe da agogon ina ganin abin yana tafiya a hankali, kowane ƴan watanni sai minti ɗaya ya ƙaru, yanzu awa ɗaya da minti goma yake yi, ni kuwa ina nan kan hamsin da biyar, wani lokaci in ce da shida don kar ya gane. Da, in ya yi gudu mai tsanani, kwana ɗaya ya warware. Yanzu sai ya yi kwana uku yana ɗingishi, gwiwa ta kumbura, a sujada sai ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe. Cinyoyin nan da wando ke matsewa sun zube. Ya taɓa ce mani yana mamaki yadda rana ke riga shi dawowa gida, na ce lokaci ne ya juya.

Bara ya je likita saboda numfashi, aka auna shi aka ce jininshi ya hau, likitan ya ce ya rage gudu ya koma tafiya da sauri. Ya dawo yana faɗa, wai yaron likitan nan da bai taɓa zagaya fili sau biyu ba zai koya mashi jikinshi, ai agogo ba ya ƙarya. Da na ce ko ya bi maganar likitan, kwana biyu bai ci tuwona ba, ya ce in har ni ma na fara ganinshi tsoho to me ya rage.

To yanzu ga inda aka kai. Za a yi gasar kilomita ashirin da ɗaya a Maradi nan da sati uku, ya rubuta sunanshi. Ya zauna ya yi lissafi da mintocin da nake ba shi, ya ce da wannan gudun zai iya manne wa samarin gaba har rabin hanya, cikinsu har da ɗalibanshi na da. Ya gaya wa abokanshi na majalisa, suna ta tsokanarshi, wai angon hanya. Ni na san in ya bi yaran nan da saurinsu cikin zafin Maradi, ko dai ya faɗi a gaban jama'a, ko abin da ban son faɗa da bakina.

Na tambayi malamarmu ta islamiyya a kaikaice, ta ce daɗin baki tsakanin miji da mata wani abu ne, amma wanda zai kai mutum ga cuta ba shi cikin wannan. Ina ta istigfari. In na faɗa mashi, na karya mashi abu biyu lokaci guda, ƙafarshi da yardar da ya yi mani, kuma mutum ne da zai iya cewa to bari ya nuna mani, ya ƙara tsananta wa kanshi. In na yi shiru kuma, da hannuna na kai shi. Na yi tunanin ƙara mintocin kaɗan kaɗan, amma sati uku ba zai ɗauki minti goma sha biyar ba. Yayanshi na Cadawa ne kaɗai yake jin maganarshi, shi kuma bakinshi ba ya riƙe sirri.

Ƴan uwa, in faɗa mashi, ko in nemi wata hanyar hana shi? Wanda ya san wani abu a kan irin wannan, ta yaya ake gaya wa mutum jikinshi ya gaji? Ni dai ban ga mafita ba.

Abin da ya sa na rubuto yau, da safe na aiki autarmu mai shekara bakwai sayen ƙosai bakin titi. Bayan babanta ya dawo ya tafi lakol wajen koyarwa, ta zo ta tsaya kusa da ni a bakin murhu, ta rage murya.

"Inna, na ga Baba zaune a gindin iccen bedi ya dafe ƙirji. Ya ce kar in gaya maki, wai ke kaɗai kika rage da ba ki san ya tsufa ba."