Ɗana Na Wuta Ne, Ba Na Ido Ba

Zuwa ga Anti mai filin shawara,

Bayan gaisuwa mai yawa, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Mutanen gida dai ga yadda suke. Maigida yana nan da ciwon gwiwarsa, wanda ba ya tashi sai an ce a ɗaga wani abu mai nauyi. 'Yata ta biyu ta sauka wata biyu da suka wuce, ita da jaririya ƙalau. Autata mura take yi. Ƙanwar maigidana lafiyarta lau, musamman bakinta. Ni ce ba lafiya, kuma ba irin ciwon da ake haɗiye wa ƙwaya ba ne.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Shekarata hamsin da takwas, kuma shekara biyu ke nan da na fara riƙe biro a makarantar manya ta unguwarmu. Kwana uku na yi ina rubuta wannan wasiƙa. Ban ba kowa ya duba mini ba, don duk wanda zai duba shi ne zai kai labarin gaba.

Ɗana na fari yana aiki a wani babban asibiti a birni, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba zan rubuta sunansa ba, wahalar da ya sha ta isa. Abin da zan ce kawai, ubansa ya duba sunayen duniya kaf, ya zaɓo masa wanda in ka kira a tasha mutum goma za su waiwayo, shi kansa uban kuma nasa sunan haka yake. Sunan yaron nan shi ne abu na farko da na iya karantawa, tun kafin nawa, don in daina roƙon mutane su nemo mini lambarsa a waya.

Malamarmu tana da ƙa'ida. Duk ranar Alhamis kowace ɗaliba za ta zo da takardar da ta tsinta, ko kwalin sabulu ne ko takardar magani, ta tashi ta karanta a gaban aji. Wata Laraba maigida ya sayo ƙusoshi, aka naɗo masa su a yagin jarida. Ina warwarewa sai ga sunan ɗana da na ubansa da manyan baƙaƙe, ga sunan asibitinsu a ƙasa. Wai likitan ido ne, ya yi wa mutum ɗari uku aiki sun koma gani, an ba shi lambar yabo. Wurin hoton ƙusa ta yaga, sai kunne ɗaya da kafaɗa suka rage. Na duba kunnen nan da kyau, na ce ai wannan kunnen gidanmu ne.

Anti, na san aikin wayarin, haɗa wutar lantarki, ɗana ya koya kafin ya bar gida. Amma na ga kwandasta ya zama direba, na ga mai jiran shago ya buɗe nasa. Sai na ce a raina, mutum ya yi shekara goma sha ɗaya a cikin asibiti, me zai hana a ƙara masa girma ya kai likita? Duk sanda na tambaye shi aiki, amsarsa ɗaya ce, muna nan muna fama. Na ɗauka zurfin ciki ne irin na ubansa.

Washegari na tashi a gaban mata ashirin da biyu na karanta. Ranar ce kaɗai ban yi in'ina ba. Aka yi ta tafi, Malama har da hawaye. Da na dawo gida na kira shi in yi masa faɗan ɓoye mini abin alheri. Ya yi dariya har da tari. Ya ce su biyu ne masu sunan a asibitin, har masinjoji sun raba musu, ɗaya "na ido", ɗaya "na wuta". Shi ne na wuta. Wayoyi da fitilu da janareta su ne marasa lafiyarsa.

Wallahi na tafi aji da niyyar gyara maganata. Ina shiga na tarar Malama ta manna yagin jaridar a jikin bango kusa da allo, an dawo da ni bencin gaba, kowa yana ce mini Maman Dakta. Ni da aka yi shekara arba'in ana kirana matar wane. Na wuce na zauna. Na ce sai mako mai zuwa. Yau wata bakwai makon bai zo ba.

Ashe masu sunan ba su ƙare ba. Wata a ajinmu ta ce mijinta ya ji a rediyo an zura wa ɗana ƙwallo biyar a raga, ko likitan yana taɓa gola da yamma ne? Na ce wannan wani ne daban. Bayan wata biyu sai ga wani alƙali mai sunan, ya yanke wata babbar shari'a, kowa na zancensa. Shi ma na ce ba nawa ba ne. Har da yi musu bayani da bakina cewa suna ba gonar mutum ɗaya ba ce, a daina ɗauka duk wanda aka rubuta shi ne wanda ka sani. Ki ji fa, ni ce nake koyar da wannan darasi.

Ƙanwar maigidana ta san gaskiya tun farko, ita da ta yi boko tun tana yarinya kuma ba ta taɓa barin mu manta ba. Ba ta tona ni ba, don tonawa sau ɗaya ake yi, ita kuwa kullum take son ci. Ta shigo gida sai ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ina kwana uwar likita, uwar gola, uwar alƙali? Naƙuda ɗaya kin cika ƙasa da manya." Ta ce na iya zaɓe, na yar da mai shan ƙwallo biyar na riƙe mai lambar yabo. Yayanta kuwa sai ya shafa gwiwa ya kalli silin.

Yanzu ga inda abin ya tsaya mini a wuya. Asabar, ashirin ga wata, za a yaye mu a ba mu takardar shaida. Malama, ba tare da ta gaya mini ba, don wai ta ba ni mamaki, ta rubuta wa asibitin wasiƙa tana gayyatar likitan ya zama babban baƙo a bikin mahaifiyarsa. Da yake ta sa Dakta a bayan ambulan, aka kai wa na ido. Bawan Allahn nan mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa. Ya karanta, ya aika aka kirawo ɗana daga ɗakin janareta da baƙin mai a hannunsa, ya miƙa masa ya ce, ga alama wannan taka ce, ka gaida Mama.

Ɗana ya kira ni, wannan karon babu dariya. Ya ce, "Mama, aikin nawa kike jin kunya, ko ni?" Ya ce yana son ya zo ya ga an miƙa mini takarda, har ya nemi hutu, amma ba zai sa farar rigar kowa ba, kuma duk wanda ya ce masa Dakta zai gyara masa a wurin. In hakan bai yi mini ba, in faɗa ya yi zamansa. Tun ranar matarsa ce ke ɗaukar wayata, kullum wai yana wanka. Ban taɓa ganin mutum mai tsafta haka ba.

Akwai kuma ƙawata da muke zama benci ɗaya. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara, sai ta kai littafi dab da hanci take gani. An ba ta ranar zuwa asibiti wata uku da suka wuce, ta ƙi zuwa, wai ba mai taɓa mata ido sai ɗan ƙawarta. Jiya ta nuna mini sabon mayafin da za ta sa ta gaishe shi.

Maigida ya kawo shawara, wai ɗan ya zo ya zauna a baya, a ce ƙanen likita ne, likitan aiki ya riƙe shi. Na ce, wa da ƙane suna ɗaya? Ya ce matan da suka yarda da kunne za su yarda da wannan. Ni kuma wani lokaci sai in ji gara in kwanta ciwo ranar, takardar ta bi ruwa. Amma shekara biyu na yi ina wahala a kanta, kuma ina son ɗana ya gan ni a tsaye ana kiran sunana.

Me zan yi? Don Allah ki amsa mini kafin Asabar ɗin nan ta ashirin ga wata, in son samu ne da sauran kwanaki, don karatun nawa a hankali nake yinsa.

Taki cikin damuwa,
Uwar Na Wuta

*

Mama,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Rubutunki ba ya buƙatar haƙurin kowa. Akwai masu digiri da ke rubuto mini shafi huɗu ban gane me ke damunsu ba.

Mu raba laifin gida biyu. Ranar da kika tashi kika karanta yagin jarida, ba ƙarya kika yi ba, kuskure kika yi, kuma irin kuskuren da uwa ce kaɗai za ta yi shi. Da za a hukunta duk uwar da ta ga kunne ta ce na ɗanta ne, da alƙalin nan mai sunan bai samu hutu ba. Amma wata bakwai ɗin da suka biyo baya naki ne ke kaɗai. Bencin gaba ya yi daɗi, na sani. Matar da aka daɗe ba a kira ta da wani abu nata ba, in aka ba ta kujera, tashi yana da wuya. Sai dai kujerar aro ce, kuma mutum biyu ne ke ɗauke da ita a ka: ɗanki da ƙawarki.

Shawarar maigida ki gode masa, ki mayar masa da abarsa. Mutumin da zai mai da ɗansa na fari ƙanen baƙo don a tsira da mutunci, gara ya ci gaba da jinyar gwiwa. Kwanciya ciwo ma ba mafita ba ce. Matan ajin za su zo dubiya, su tambayi me ya hana Dakta zuwa duba uwarsa.

Ki fara da ƙawarki, kuma gobe, ba mako mai zuwa irin naki ba. Kunyarki za ta iya jira, idonta ba zai jira ba. Ki je gidanta ki faɗa mata kai tsaye, ba da kwana-kwana ba. In ta yi fushi tana da gaskiya, ki tsaya ki sha. Sannan ki ce za ki raka ta ta karɓi sabuwar rana a asibiti, ki kuma raka ta ɗin.

Daga nan sai Malama, ke da ita kawai, tun kafin a buga takardar tsarin taro da sunan baƙon da ba ɗanki ba ne. Ita ma da nata guntun laifin: ba a gayyatar ɗan mutum a bayan idon uwarsa. Matan aji kuma ki gaya musu da bakinki kafin ranar, kada su ji a wajen ƙanwar miji. Za a yi dariya, za a yi gulma kwana huɗu ko biyar. Cikin mata ashirin da biyun nan, ina tabbatar miki ba ke kaɗai kika taɓa ƙara wa ɗa tsawo ba. Ita kuwa mai durƙuson safe, ranar da kowa ya sani kasuwarta ta watse.

Ɗanki ya yi miki tambaya, har yau ba ki amsa ba, shi ya sa wankan ya ƙi ƙarewa. Shi ma ban wanke shi tas ba. Shekara goma sha ɗaya yana ce wa uwarsa muna fama, sannan ya yi mamakin ta cike gurbin da kanta. Amma ke ce kika yi ɓarnar, ke za ki fara. Ki tura masa saƙo da hannunki, kada ki bi ta wajen matarsa. Ki ce ba shi kike kunya ba kuma ba aikinsa ba, daɗin tafi ne ya ɗauke ki. Sannan ki tambaye shi abin da ba ki taɓa tambaya ba: me yake yi daga safe zuwa tashi, kuma me ke faruwa a ɗakin tiyata in wuta ta ɗauke. Ki bar shi ya yi bayani. Zancen ƙawarki ma ki sa shi a ciki. Wanda ya daɗe haka a asibiti ya san ranar masu ido da tagar da ake yankan kati. Tambaya za ki yi, kada ki yi wa kowa alkawari da sunansa. An yi wannan ya isa.

Ranar Asabar ki sa kayanki mafi kyau, ki zaunar da shi inda kowa zai gan shi. Duk wadda ta matso ta ce wane ne wannan, ki ce ɗana ne, ki faɗi aikinsa da ƙarfi yadda zai ji.

Ina taya ki murnar takardarki tun yanzu. Allah ya ba ƙawarki lafiyar ido, ya sanyaya zuciyar ɗanki, ya kawo shi lafiya.

Antinku