Kifi Sai Bayan Mako Huɗu

Auta,

Ina gaishe ku duka. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, in ka cire tsayuwar awa goma a ma'aikata, wadda bayana ya gaji da yi mata ƙorafi.

Albishirinka, na sayi akwatin gilashi na kiwon kifi. Ya cinye teburina, yanzu a ƙasa nake cin abinci. Na shimfiɗa yashi, na dasa ciyawar ruwa da hannuna. Jiya sabon ganye ya fito, na tsaya kallo har motar aiki ta kusa tafiya ta bar ni. Shekara shida rabona da shuka!

Kifi kam tukuna. Mai kantin, tsoho marar fara'a amma mai gaskiya, ya hana ni. Ya ce, "Malam, ba ruwan nan mako huɗu ya nuna. Ka zuba su yau, jibi ka kwashe gawa."

Ni da na zo, babu wanda ya shirya mini ruwa. Ban mutu ba, amma kada ka tambaye ni yadda aka yi.

Maganar zuwanka kuwa, ban ƙi ba. Bari in samo maka aiki da katifa tukuna. Yi fushinka, amma ka jira.

Allah ya tsare mini ku.

Yayanka