Mai Gadin Kamfanin Fata

Panshekara, Kano

Yaya Tabita,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Zonkwa, yaya yara da ƙafar Mama? Ni lafiya lau. Injin wurin aikinmu ya ɗan taɓa mini yatsa ɗaya, amma sauran taran sun isa juya shafi.

Kin sha yi mini dariya kan littattafan ɓatattun mutane da nake karantawa. A littafi sai shafin ƙarshe ake gano su. Ni a bakin wani kamfanin fata na Challawa na gano Baba, yana gadi. Fito yake yi da waƙar cocin nan da yake tashinmu da ita, kuma har yanzu yana ɓata baiti na biyu. Shekara talatin muna yi masa addu'ar matattu, ashe mutumin lafiyarsa ƙalau.

Ya nuna mini wasiƙu goma sha ɗaya, duka da hannun Mama. Ta san inda yake tun farko.

Kada ki tsare ta da tambaya. Ki ce mata kawai Kirsimeti ina tafe, kuma kujera biyu zan kama a mota. Allah ya kiyaye ku.

Ƙaninki,
Ishaya