Kunyar Ɗan Fari a Littafin Dakta Bernard

Deptford, Landan, 3 ga Maris, 1975

Zuwa ga ƙanwata Zinatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ni dai lafiya lau, sai kaɗaici. Ran Lahadi ban yi magana da kowa ba sai mai sayar da kifi.

Maigidana a asibiti, Dakta Bernard, tsohon likitan ƙwaƙwalwa, ya buga littafin tarihin rayuwarsa. Ashe zamanin Turawa ya yi rangadi har Gumel. Ya rubuta cewa ya ga wani yaro kwance da kyanda a ɗakin kakarsa, uwar ba ta kalle shi ba, ta ƙi faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan". Daga nan ya yanke hukunci wai matanmu busasshiyar zuciya gare su, 'ya'yansu kuma ba su san kewa ba. Ya ambaci gidan malamin asibiti mai bishiyar durumi. Zinatu, gidanmu ne. Ni ne yaron, shi bai sani ba.

Yana so in tashi a taron ƙaddamar da littafin a unguwar Aldwych in shaida gaskiya ya faɗa. Shi ne kuma zai sa hannu a takardar gama karatuna. Na san kunyar ɗan fari ce, ba yau na fara saninta ba. Amma a ɗakin nan ni kaɗai, maganarsa ta shige ni. Don Allah faɗa mini, Inna tana tambayata kuwa?

Yayanki, Maharazu

Gumel, 24 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Ikon Allah, ashe likitan masu taɓin hankali ma yana buƙatar likita! Na karanta wa Inna wasiƙarka, ban kai rabi ba ta tashi wai za ta ba awaki dusa.

Gwaggo Hansai ce ta ba ni labari. Ta ce lokacin kyandar nan Inna a bayan zanan ɗakin Kaka ta tare, tana sauraren numfashinka, kuma ba ta sa komai a baki sai an ce mata ka ci. Baturenka ya zauna a kujera a tsakar gida, ina zai ga bayan zana? Yanzu ma duk ranar da wasiƙarka ta zo, sai tankaɗen garinta ya dawo kusa da inda nake karatu.

Nan kowa ya samu ƙarin albashi ya sayi babur, kai kaɗai ake jira. Inna ta sa an yi wa ɗakin ƙofar gida siminti, ba ta ce na wane ne ba.

Ƙanwarka, Zinatu

Deptford, 20 ga Afrilu

Zinatu,

Ina gaishe ku. Na tashi a taron, na faɗi duk abin da Gwaggo ta ce, na ce matar da ke cikin littafin uwata ce. Dakta Bernard ya yi murmushi, ya ce wa jama'a ai sananne ne, yaron da aka yi wa rowar ƙauna shi ya fi kowa kare uwarsa. Aka tafa masa. Wajen shan shayi ba wanda ya matso kusa da ni, na hau bas na dawo.

Ya ce ban nuna natsuwar likita ba, sai na ƙara shekara. Ba zan zo da Sallah ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ki gaya wa Inna na wanke ta a gaban mutane.

Yayanki, Maharazu

Gumel, 12 ga Mayu

Yaya,

Bayan gaisuwa, na gaya mata. Ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta ce wa ya aike ka ka tona mata asiri a gaban baƙi, da ka bar Bature da ƙaryarsa ka dawo gida.

Yau ina shirin rufe ambulan ta tsaya a bakin ƙofa, ta juya mini baya, ta ce, "Tambaye shi, a can akwai mai dafa masa abinci?"

Me zan ce mata?

Ƙanwarka, Zinatu